Tasirin Zaɓen Ram a Kan Zaburar da Masarrafin Kwamfutar Tebur: Nazari Daga Yanayin Kaugama da Ƙasar Haɗeja

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dangantakar da ke tsakanin ram da masarrafi a kwamfutar tebur, musamman a lokacin da aka tilasta wa masarrafin yin gudu fiye da wanda kamfani ya ƙayyade masa. An gina bayanin a kan ƙa'idojin da kamfanonin ƙera kayan suka fitar da kuma lissafin da mai karatu zai iya maimaitawa da kansa. Maƙalar ta nuna cewa tun daga shekarar 2003 zuwa 2008 ɓangaren da ke kula da ram ya koma cikin jikin masarrafi, don haka duk nauyin da aka ɗora wa ram, masarrafi ne yake ɗaukar wani kaso na zafinsa da wutarsa. An auna wannan batu da yanayin Kaugama, inda zafin bazara da ƙurar hunturu da rashin tsayayyar wutar lantarki suke rage sararin da mai haɗa kwamfuta yake da shi. Haka kuma an gabatar da wasu keɓaɓɓun kalmomi da za su taimaka wajen koyar da wannan fanni da Hausa.

Fitilun Kalmomi: ram, masarrafi, zaburarwa, jinkiri, keɓaɓɓun kalmomi, Kaugama

1.0 Gabatarwa

Kaugama ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja a jihar Jigawa. Kamar sauran garuruwan yankin, kwamfuta ta daɗe da zama kayan sana'a a cikinta. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, ɗalibin da ke son shiga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja ba shi da makawa sai ya zauna gaban na'urar. Baya ga ɗalibai, akwai masu shagon buga takardu, da masu tace bidiyon biki, da masu ɗaukar waƙa da wa'azi, waɗanda abincinsu ya rataya a kan saurin kwamfutarsu.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tara kuɗi ya nufi kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, tambayoyi biyu ya saba yi: wane irin masarrafi ne a ciki, kuma ram ɗin giga nawa ne. Tambaya ta uku, wato irin gudun ram ɗin da dacewarsa da masarrafin, ba kasafai ake yin ta ba. Daga baya, idan aiki ya yi yawa, sai wani ya ba shi shawarar ya shiga BIOS ya ƙara wa masarrafin gudu, tun da kyauta ne. A nan ne tambayar da ba a yi ba take dawowa, wani lokaci da asarar aiki, wani lokaci da asarar kayan gaba ɗaya.

Batun ya shafi masu nazarin Hausa ta fuska biyu. Ta farko, binciken harshe a yau ya koma kan tara dubban shafukan rubutu da sa'o'in sauti a kwamfuta, kuma ingancin wannan taska ya dogara da ingancin na'urar da ta bi ta cikinta. Ta biyu, kalmomin da ake amfani da su a kasuwa suna ɓoye bambance-bambancen da mai saye yake bukatar sani.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ƙirƙirar kalmomin fannu ba baƙon aiki ba ne a nazarin Hausa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi wannan hidima. Fannin kayan kwamfuta kuwa har yanzu bakin kasuwa ne yake yi masa suna.

Matsala ta farko tana ga kalmar memori. A bakin mai waya, memori shi ne ɗan katin da ake zuba waƙoƙi da hotuna, wanda ke riƙe abin da aka sa masa ko an kashe wayar. Ram kuwa akasin haka yake: wurin aiki ne na ɗan lokaci, da zarar wuta ta ɗauke komai da ke cikinsa ya tafi. Matsala ta biyu ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda wasu ke nufin masarrafi da ita, wasu kuma ram. Domin kauce wa wannan ruɗani, maƙalar ta ɗauki waɗannan kalmomi:

a. Masarrafi: ɓangaren da ke yin lissafi da zartar da umarni, wanda masu gyara ke kira furosesa. An gina kalmar a kan tsarin sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da magogi.

b. Ram: an bar kalmar aro yadda take domin ta riga ta zauna. Kowane guda da ake cusawa a ramin allo an kira shi sanda.

c. Allo: babban faifan da ake dasa dukkan kayan a kansa, wanda ake kira bod a kasuwa.

d. Dillalin ram: ɓangaren da duk wata bukata ta masarrafi take bi ta hannunsa kafin ta isa ga ram, kuma ta hannunsa amsa take dawowa.

e. Zaburarwa: tilasta wa kayan aiki gudu fiye da ƙa'idar kamfani. An aro ta daga zaburar da doki. Ba a zaɓi "ƙarin gudu" ba, saboda masarrafan zamani suna ƙara wa kansu gudu a cikin iyakar da kamfani ya amince, kamar yadda tsarin Turbo Boost na Intel yake yi. Zaburarwa tana nuna cewa mahayi ne ya sa ƙaimi, kuma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.

3.0 Yadda Gudun Masarrafi Yake Samuwa

Masarrafi yana aiki ne bisa bugun wani agogo na lantarki. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz ɗaya, bugu biliyan ɗaya kuma gigahaz ɗaya. Gudun da ake rubutawa a kwali sakamakon lambobi biyu ne: bugun tushe da ke fitowa daga allo, da adadin ninkin da masarrafi yake yi masa. Saboda haka hanyoyin zaburarwa biyu ne, ko a ɗaga tushen, ko a ɗaga ninkin. Tarihin dangantakar ram da masarrafi ya ta'allaƙa ne a kan wace hanya ce a buɗe a kowane zamani.

3.1 Zamanin Tushe Ɗaya

A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, mai bugun tushe 66 da ninki 4.5, wato megahaz 300. An kulle ninkin, amma masu zaburarwa suka gano cewa idan aka ɗaga tushen zuwa 100, masarrafin yana gudu a megahaz 450. Sai dai a allunan wancan lokaci ram yana bin bugun tushen ne kai tsaye. Wanda ya sayi ram na PC66 ya tilasta masa aikin da ba a yi shi dominsa ba, wanda kuwa ya sayi PC100 ya samu ƙarin kashi 50 cikin ɗari ba tare da ya matsa wa ram ɗinsa ba.

Bayan shekara goma lissafin bai sauya ba. Core 2 Duo E8400 na 2008, wanda har yanzu ake samunsa a tsofaffin kwamfutocin gwanjo, yana da tushe 333 da ninki 9, wato gigahaz 3. A mafi ƙanƙantar daidaito, ram na DDR2 yana bugawa kafaɗa da kafaɗa da tushen. Idan aka ɗaga tushen zuwa 400, masarrafin ya kai gigahaz 3.6, ram kuma dole ya yi aiki a matsayin DDR2-800. Mai sandar DDR2-667 zai ga kwamfutarsa ta ƙi tashi ko tana sumewa, ya ɗora wa masarrafin laifi, alhali ram ne ya gaza. Idan aka nemi tushe 450, wato gigahaz 4.05, ko DDR2-800 ma an wuce ƙa'idarsa. A wannan zamani ram shi ne rufin ɗakin: iya tsawonsa, iya miƙewar masarrafi.

3.2 Dillali Ya Koma Cikin Gida

A da, dillalin ram wani guntu ne daban a kan allo. Kamfanin AMD ya shigar da shi cikin jikin masarrafi a Athlon 64 a shekarar 2003, Intel kuma ya bi sahu da Core i7 na farko a ƙarshen 2008. Wannan ya rage tsawon tafiyar saƙo, amma ya haɗa makomar ɓangarorin biyu. Alama ta farko ta bayyana nan take, domin Intel ya gargaɗi masu amfani da Core i7 kada su bai wa ram matsin lantarkin da ya haura bolt 1.65, saboda hakan na iya lalata masarrafin kansa.

Daga 2011, da zuwan su Core i5-2500K, bugun tushe ya tsaya a megahaz 100, aka buɗe ninki a masarrafan da ke ɗauke da harafin K. A zahiri wannan ya raba gudun masarrafi da gudun ram, domin ana iya ɗaga ninki daga 33 zuwa 45 ba a taɓa ram ba. Daga nan ne ra'ayin cewa ram ba shi da ruwa da zaburarwa ya samo asali. Gaskiyar ita ce igiyar ba ta tsinke ba, wuri ta sauya. A da agogo ne ya ɗaure su, yanzu kuwa zafi da wuta ne, tun da dillalin yana zaune a ƙarƙashin murfi ɗaya da sassan lissafi, kuma masanyayi ɗaya ne yake kwashe zafinsu duka.

3.3 Darasin Ryzen

Masarrafan Ryzen da AMD ya fara fitarwa a 2017 sun dawo da tsohuwar dangantakar ta wata siga. An gina su ne da sassa daban-daban da wata hanyar cikin gida mai suna Infinity Fabric take haɗawa, kuma gudun wannan hanya yana tafiya da gudun ram. A jerin Ryzen 3000 na 2019, ram na DDR4-3600 yana bugawa sau miliyan 1800 a daƙiƙa, hanyar cikin gidan ma 1800, komai ɗaya bisa ɗaya. Yawancin waɗannan masarrafai ba sa iya wuce 1800 zuwa 1900. Idan mutum ya sayi DDR4-4000 mai tsada, sai daidaiton ya karye, dillalin ya koma rabin gudu, jinkiri ya ƙaru. Sakamakon shi ne ram mai tsada ya iya ba da aikin da bai kai na mai araha ba. Intel ma ya shigo da irin wannan tsari a 2021 da sunan Gear 1 da Gear 2.

4.0 Abubuwan Lura a Zaɓen Ram

4.1 Gudu da Jinkiri

Lambar da ke bayan sunan ram tana nuna adadin miliyoyin saƙon da yake turawa a daƙiƙa. Da yake ram na DDR yana tura saƙo sau biyu a kowane bugu, DDR4-3200 yana bugawa ne a megahaz 1600. Wannan ne ya sa manhajar CPU-Z take nuna rabin lambar da ke kan kwali, har wani mai saye ya zaci an cuce shi.

Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da CL, ita ce adadin bugun da ram yake jira kafin ya fara ba da amsa. Ana samun ainihin jinkirin ta hanyar ninka CL da 2000 a raba da gudun. Amsar tana fitowa a nanodaƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa:

a. DDR4-2666 CL19: 14.25

b. DDR4-3200 CL22: 13.75

c. DDR4-3200 CL16: 10

d. DDR4-3600 CL18: 10

e. DDR5-4800 CL40: 16.7

f. DDR5-6000 CL30: 10

Lissafin ya nuna cewa sanduna biyu masu lamba 3200 suna iya bambanta ƙwarai, kuma sabon DDR5 na ƙasa-ƙasa ya fi tsohon DDR4 mai kyau jinkirin amsawa, duk da cewa ya fi shi yawan abin da yake turawa.

Muhimmancin wannan ga zaburarwa a fili yake. Masarrafin da ke gudu a gigahaz 4 yana yin bugu huɗu a kowace nanodaƙiƙa. Duk lokacin da abin da yake nema ba ya cikin 'yar ma'ajiyarsa ta ciki, sai ya jira ram, kuma cikakkiyar tafiyar zuwa da dawowa takan ci gomman nanodaƙiƙa, wato ɗaruruwan bugu a zaune. Ɗaga shi zuwa gigahaz 4.5 ba ya rage wannan jira ko kaɗan. Manomin fadamar Haɗeja ya san irin wannan a injin ban-ruwa: idan tiyon da ke zuƙo ruwa siriri ne, ƙara wa injin wuta fetur kawai yake ƙonawa, ruwan da ke isa fangali bai ƙaru ba.

4.2 Adadin Sanduna

Masarrafan kwamfutar tebur na gama-gari suna da hanyoyi biyu zuwa ga ram. Hanya ɗaya ta DDR4-3200 tana ɗaukar gigabayit 25.6 a daƙiƙa, biyu kuma 51.2. Wanda ya sa sanda ɗaya mai giga 16 ya rufe hanya guda, wanda ya sa biyu masu giga 8 ya buɗe duka. Babu wata zaburarwa da za ta cike wannan giɓi, musamman a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, inda sashen hoto yake cin abinci daga ram ɗin.

Amma cika ramuka huɗu yana da nasa farashi, domin kowace hanya tana ɗaukar sanduna biyu, nauyin da ke kan dillali ya ƙaru. Ƙa'idar AMD ga Ryzen 7000 na 2022 ta fayyace haka: DDR5-5200 idan sanduna biyu ne, DDR5-3600 idan huɗu ne. Haka kuma, idan aka gwama sanduna masu gudu daban, dukkansu suna komawa gudun mafi rauni. Wannan ya shafi al'adar sayen ram ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda kuɗi ya samu. Sanduna biyu masu suna ɗaya da aka saya a lokuta daban suna iya ɗauke da guntaye daga masana'antu daban, su yi aiki lafiya a gudun ƙa'ida, su saɓa da zarar an matsa musu.

4.3 Matsin Lantarki

Ƙungiyar JEDEC ce take tsara ƙa'idar ram: bolt 1.5 ga DDR3, 1.2 ga DDR4, 1.1 ga DDR5. Yawancin sandunan da ake tallatawa da babban gudu da ƙaramin CL ba sa kai wannan matsayi sai an kunna wani tsari da aka ajiye a cikinsu, wato XMP na Intel da ya fito a 2007, ko EXPO na AMD da ya fito a 2022. Kafin a kunna, sandar DDR4-3200 CL16 takan tashi ne a 2133 ko kusa da haka. Bayan an kunna, matsin yakan hau zuwa bolt 1.35, kuma allo da yawa suna ƙara wa dillalin da ke cikin masarrafi wuta ba tare da sun sanar ba.

Abin nufi shi ne kunna XMP ko EXPO zaburarwa ce, ko da mutum bai taɓa ninkin masarrafi ba. A watan Afrilun 2023 an samu rahotannin ƙonewar wasu masarrafan Ryzen 7000, musamman masu alamar X3D, kuma AMD ya magance matsalar ta hanyar sabunta BIOS da ya kafa iyakar bolt 1.3 ga ɓangaren da dillalin yake ciki.

4.4 Allon da Ba Ya Buɗewa

Kaso mai yawa na kwamfutocin tebur da ke shigowa kasuwannin Arewa tsofaffin kayan ofis ne na Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. BIOS ɗinsu a kulle yake, ba ya ba da damar ɗaga ninki, kuma galibi ba ya karanta XMP. Sanda mai tsada a cikin irin wannan kwamfuta za ta koma gudun ƙa'ida, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza. A ɓangaren Intel, zaburar da masarrafi tana bukatar mai harafin K da allo mai harafin Z. A ɓangaren AMD, allunan B450 da B550 suna ba da dama, A320 kuwa ba ya bayarwa.

5.0 Yanayin Kaugama

Wutar da masarrafi yake ci, wadda kusan dukkanta take zama zafi, tana ƙaruwa daidai da gudu, amma tana ƙaruwa da ninkin matsin lantarki a kan kansa. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a matsi yana kawo ƙarin kashi 21 a zafi. Idan aka haɗa da ƙarin kashi 10 a gudu, zafin ya ƙaru da kusan kashi 33. Yawancin masarrafan Intel suna rage wa kansu gudu idan suka kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, Ryzen 7000 kuma a digiri 95.

Masanyayi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake miƙa wa iskar ɗaki. A ɗauka cewa an gwada wani saiti a ɗaki mai digiri 22, masarrafin ya tsaya a 80. Tazarar ita ce 58. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Haɗeja yana haura digiri 40, kuma shago mai rufin kwano ba ya rangwame. Saitin nan a irin wannan shago zai kai 98. Ke nan lambobin da matashi ya kwafo daga bidiyon wani mai gwaji a Jamus ko Amurka an auna su ne da iskar da ba tasa ba. A wannan ƙunci, kowane digiri da dillalin ram ya ci an ɗebe shi ne daga rabon sassan lissafi.

Ram ma yana jin zafi. Tun ƙirar Robert Dennard na kamfanin IBM a shekarun 1960, kowane ɗigon bayani yana zaune ne a matsayin 'yar wuta a cikin wani mitsitsin ma'aji da ke yoyo, don haka dole a riƙa sabunta shi. Ƙa'idar DDR4 ta tanadi sabuntawa cikin kowace milidaƙiƙa 64, kuma idan zafin ya haura digiri 85 sai a ninka yawan sabuntawar. Yoyon yana ƙaruwa da zafi, shi ya sa ram ɗin da aka matse wa lokaci zai iya cin gwaji da sanyin safiyar Janairu ya faɗi da azahar ɗin Afrilu.

Hunturu yana kawo sanyi amma yana kawo ƙura, wadda take toshe haƙoran masanyayi ta kuma kwanta a ramukan ram. Sai kuma wuta. Jigawa tana ƙarƙashin kamfanin KEDCO tare da Kano da Katsina, kuma mai shago yakan yi yawo tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola a yini ɗaya. Kwamfutar da aka zabura ta riga ta cinye rarar da kamfani ya bari domin irin wannan tangal-tangal, ga shi kuma tana zuƙe batirin inbata da sauri.

6.0 Kuskuren da Ba Ya Nuna Kansa

Idan zaburarwa ta fi ƙarfin masarrafi, yawanci kwamfuta takan sume ko ta sake tashi, mai ita ya gane. Gazawar ram ta fi haɗari domin tana iya faruwa shiru. Ɗigo ɗaya ya juya daga sifili zuwa ɗaya, aiki ya ci gaba, a adana fayil da kuskuren a ciki. Ram na kwamfutocin gida ba shi da cikakken tsarin gano kuskure irin na manyan na'urorin ma'aikatu, kuma gyaran cikin gida da DDR5 yake yi bai shafi abin da ya lalace a kan hanya tsakanin sanda da masarrafi ba.

Ga mai nazarin harshe misalin a kusa yake. A tsarin Unicode lambar harafin g ita ce 103, ta f kuma 102, bambancinsu ɗigo ɗaya ne. Juyawar wannan ɗigo tana mayar da gari ya zama fari, kuma babu manhajar duba rubutu da za ta yi ƙorafi, tun da duka biyun kalmomin Hausa ne. Haka b mai lamba 98 da c mai 99 suke mayar da bara ta zama cara. Harafin ɗ mai lamba 599 yana iya zama ɖ mai 598, wanda ake amfani da shi a rubutun harshen Ewe, sai kalmar ta ɓace daga duk wani bincike da aka yi a taskar. Irin wannan ba ya faruwa kullum, amma wanda ya kwashe shekara biyu yana tattara waƙoƙin baka ko karin harshen Haɗejanci ba shi da hanyar sanin inda ya faru.

7.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, maƙalar tana ba da waɗannan shawarwari ga mai haɗa kwamfuta a yanayi irin na Kaugama:

a. A fara tabbatar da cewa allo da masarrafi suna karɓar zaburarwa kafin a biya kuɗin ram mai babban gudu.

b. A sayi sanduna biyu na kwali ɗaya, masu girman da zai isa, a sa su a ramukan da littafin allon ya nuna, waɗanda galibi su ne na biyu da na huɗu daga masarrafi.

c. A zaɓi matsakaicin gudu mai ƙaramin jinkiri: DDR4-3200 CL16 ko 3600 CL18, ko DDR5-6000 CL30 ga sababbin Ryzen.

d. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. A fara da ram a gwada shi da MemTest86 na sa'o'i, sannan a taɓa masarrafi a gwada da Prime95, sannan a gwada su tare. Wanda ya sauya biyu a tare ba zai san mai laifi ba.

e. A yi gwajin da tsakar ranar bazara a ɗakin da kwamfutar za ta zauna, kuma kuskure ko ɗaya ne a ɗauke shi a matsayin faɗuwa.

f. Kwamfutar da ke riƙe da taskar bincike ko bayanan jama'a a bar ta a gudun ƙa'ida. A kuma tuna cewa Intel da AMD duka sun bayyana cewa zaburarwa na iya soke garanti.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi dangantakar ram da masarrafi daga Celeron 300A na 1998 zuwa Ryzen 7000 na 2022, ta nuna cewa a kowane zamani zaɓen ram yana yanke iyakar zaburarwa: da farko ta hanyar agogo, daga baya ta hanyar zafi da wutar dillalin da ke cikin masarrafi. A Kaugama, inda iskar ɗaki kan cinye kusan digiri 20 na sararin da mai gwaji a ƙasar sanyi yake da shi, sanduna biyu masu jituwa da masanyayi mai tsabta sun fi ƙarin megahaz ɗari biyu amfani. Ta fuskar harshe kuwa, muddin memori tana nufin abu biyu, ƙwaƙwalwa ma abu biyu, mai saye zai ci gaba da tambayar giga nawa ya tsaya a nan. Kalmomin da aka gabatar a sashe na 2.0 shawara ce da ke jiran gwaji a aji da kuma teburin masu gyara, domin a can ne za a ga waɗanda za su zauna a baki.